Katin Hajiya Gaji

"Kwana goma sha tara ne kawai, Hamida."

Ukasha, saurayina, yana tsaye a gaban teburina, ko zama bai yi ba. Daga tasha ya wuto, rigar da ya tafi da ita asibitin Parakou shekaranjiya ce har yanzu a jikinsa.

"Na sani," na ce.

"To ki mayar da ranar baya. Ki sa cewa Inna ta cika wata uku da shiga. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya."

Ya dafa teburin da hannu biyu, ya sassauta murya.

"Sheri, masoyiyata... ƙashin ƙugunta ne ya karye. Likita ya ce sai an sa ƙarfe, kuma kada a wuce sati guda. Jika ɗari huɗu ta sefa. A ina zan samo su?"

Na kalli odinatar, wato kwamfutar da ke gabana. Sunan mahaifiyarsa yana nan, da ranar da aka yi mata kati. Lamba biyu kawai zan goge.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba."

Ya daɗe yana kallona.

"Kawu Sahabi ya ce zai biya. Kin san abin da yake so."

"Na sani."

"Kuma duk da haka?"

Ya juya ya fita, na ji tashin babur ɗinsa.

Matan kasuwar Djougou ne suka kafa ƙungiyarmu shekara huɗu da suka wuce. Asusun lafiya ne, mu mituwal muke ce masa. Kowace mace tana zuba ɗan abu duk wata, ranar da ciwo ya zo asusu ya ɗauki kashi bakwai cikin goma na kuɗin asibiti. Sharaɗi ɗaya ne ba a taɓawa: sai mutum ya cika wata uku da shiga kafin ya amfana. In ba haka ba, kowa sai ya kwanta zai zo yin kati.

Ukasha ya karanci aikin rezo, wato haɗa sadarwar intanet, a Parakou. Da ya dawo gida, shi ya kafa mana sandunan wifi, ɗaya a kasuwa, ɗaya a Sérou, ɗaya a Onklou. Da dala ashirin, sefa ɗari kacal, mutum zai yini a kan intanet, ribar kuma asusun take faɗawa. Mu shida muka samu aiki ta dalilin haka. Ni ce mai rajista, shi ne mai kula da na'urori, kuma mu biyu ne kaɗai muke da lambar sirri ta shiga rajistar.

A ɗan biron ƙungiyar, wato ofishinmu, muka saba. Shekara biyu.

Hajiya Gaji, mahaifiyarsa, ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Su jikokin fatake ne, gidansu na da soro tun zamanin da ake sauke goro a kan jakuna. Babana kuwa, Malam Baƙo, mahauci ne. Ta ce muddin tana numfashi ɗanta ba zai kai goro gidan mahauta ba. Ga Shafa'atu, 'yar yayanta Alhaji Sahabi, me ya rasa a jikinta?

Mituwal ma ba ta ƙaunarsa. Ta ce mutum yana zaune lafiya ya riƙa biyan kuɗin ciwo, kiran ciwo ne. A ɓoye Ukasha ya yi mata katin. Sai ga shi ranar Talata ta faɗo daga kan babur a hanyar dawowa daga Sérou, kwana goma sha tara kafin katin ya fara aiki.

Gidan na da suna, amma dukiyar ta daɗe da tafiya. Alhaji Sahabi ne kaɗai ya rage da ƙarfi a dangin, shi kuma ba zai biya ba sai Ukasha ya yarda ya auri Shafa'atu.

Akwai abin da Ukasha ya manta, ni ban manta ba. A bara wata mata daga Onklou, Memuna, ta zo mini goye da 'yarta da tafasasshen mai ya ƙona. Saura kwana shida katinta ya cika. Ta durƙusa a ƙasan biron nan tana roƙona. Na ce mata doka ce. Injin niƙanta ta sayar, wanda da shi take ci da 'ya'yanta.

Da wane ido zan kalle ta in na yi wa surukar da nake fata abin da na hana ta?

Washegari Juma'a na buɗe biro da ƙarfe takwas, na kunna odinatar.

An canza ranar.

Na kira shi. Ya ɗauka a bugu na uku, ina jin hayaniyar asibiti a bayansa.

"Kai ne?"

Na sake tambaya.

"Yaya, kai ne?"

"Uwata ce, Hamida."

"Zan mayar da ita yadda take."

"In kika mayar, kin rabu da ni ke nan."

"Kai ka faɗa, ba ni ba."

Na kashe wayar, na mayar da ranar, na kulle biron, na nufi gidan Hajiya Tsahara, shugabar ƙungiya. Hawaye na zuba ina gogewa da bakin mayafi, masu babur suna ta kallona.

A tsakar gidan na tarar da Shafa'atu zaune a kan tabarma, ta sha leshi, ƙamshin turarenta ya cika wurin.

"Ga ta nan," ta ce. "Hajiya, ki tambaye ta da kanki."

Hajiya Tsahara mace ce mai sayar da atamfa, ba ta da yawan magana. Ta nuna mini wuri na zauna.

"An ce kin taɓa rajista don uwar saurayinki."

"An taɓa, Hajiya. Ba ni ba ce. Na gani da safen nan, na mayar. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Wa ya taɓa?"

"Wanda ya yi zai faɗa da bakinsa."

Shafa'atu ta yi 'yar dariya.

"Ai dama. Tana son shiga gidan da ba a son ta, shi ne za ta saya da kuɗin mata."

Ban kalle ta ba.

"Hajiya, ina roƙon a kira babban taro. Akwai maganar da ya kamata in kawo tun bara."

Hajiya Tsahara ta ja carbinta.

"Lahadi bayan la'asar. Kafin nan ki ba ni makullin biro."

Na miƙa mata.

A gida na samu Baba yana wanke wuƙaƙensa a bakin rijiya. Labarin ya riga ni isowa, kasuwa ba ta riƙe magana.

"Kin ci amanar mutane?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"A'a, Baba."

"Yaron fa?"

Na ɗauki guga na ƙara masa ruwa.

"To. Je ki ci abinci."

Kwana biyu Ukasha bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Sau nawa na ɗauki wayar, na nemo sunansa, na ajiye. Ƙawayena suka ce wauta na yi, wai wace mace ce za ta samu damar sayen zuciyar suruka da lamba biyu ta ƙi? Wata ta ce ta ji an fara maganar ɗinkin Shafa'atu. Na ce Allah ya sanya alheri, na shiga ɗaki na kwanta fuskata a bango.

Ranar Lahadi aka tashi da ruwa. Hanyar Onklou ta lalace, wakilan Sérou ma ba su samu mota ba. Sai aka jingina waya a kan kujera a tsakiyar rumfar taro, su ma suka taru a gindin sandunan wifi na ƙauyukansu, muna ganinsu suna ganinmu. Mata sun haura ɗari biyu a rumfar.

Hajiya Tsahara ta ba ni dama. Na miƙe.

"Iyayena, dokar wata uku an yi ta ne don kada mutum ya jira sai ya ji ciwo ya zo. Amma ba wanda yake shirya haɗari. Ba wanda yake sanin ranar da zai faɗi ko wuta za ta ƙona ɗansa. Ina roƙon a cire haɗari daga cikin jiran. Duk wadda ta yi kati, in haɗari ya same ta, a taimaka mata ko da kwananta ɗaya ne."

Rumfar ta ɗauki surutu. Shafa'atu ta miƙe.

"Sai yau ta san da haka? Ta gwada ta bayan fage an kama ta, yanzu ta zo ta gaba. A tambaye ta mana, don wa take yi?"

Duk aka juyo gare ni.

"Ina son ɗan Hajiya Gaji," na ce. "Kowa a nan ya sani, ba zan ɓoye ba. Kuma gaskiya ne, sai da abin ya taɓa ni na ga aibin dokar. A bara Memuna ta Onklou ta durƙusa mini, na ce mata doka ce, na koma gida na yi barcina. Ranar ya kamata in kawo maganar nan. Ban kawo ba. Wannan laifina ne. Amma rajista ban taɓa ba."

Shafa'atu ta ce, "To wa ya taɓa? Aljani?"

"Ni ne."

Daga bayan rumfar muryar ta fito. Ukasha ne, jiƙe sharkaf, wandonsa duk jan taɓo. Ya cire takalmi, ya ratso ta gefen mata, ya durƙusa a gaban Hajiya Tsahara.

"Ni na canza ranar, ta wayata, daga asibiti. Na roƙi Hamida ta ƙi. Na yi da kaina, ta mayar. Duk hukuncin da za ku yi, ni za ku yi wa."

Hajiya Tsahara ta gyara gilashinta.

"Ranar Juma'a, tun kafin a buɗe biro, aka zo mini da labarin. Wa ya san ka yi?"

Ya ɗago kai.

"Mutum ɗaya ce a kusa da ni a kan bencin. Ita ta ce in yi, ba wanda zai gane."

Bai kira suna ba, bai kuma kalli kowa ba. Amma matan sun juya. Shafa'atu ta gyara mayafinta, ta ce ita ba ta zo a ci mutuncinta ba, ta ɗauki jakarta ta fita cikin ruwan.

Sai wata murya ta fito daga wayar da ke kan kujera.

"A ba ni magana. Ni ce Memuna."

Aka ƙara sauti. Fuskarta ta cika wayar.

"Wata shida ban gaishe da yarinyar nan ba, ko a hanya muka haɗu. Da na ji an ce ta yi wa surukarta, na ce ashe dokar ta mu talakawa ce. Yanzu na ji ta hana ta yadda ta hana ni. To na huce. Ni dai injina ya tafi. Kada na wata ya tafi. A canza."

Aka ɗaga hannuwa, a rumfa da cikin waya. Ba kowa ya yarda ba. Wasu suka ce asusun zai karye, aka yi ta ja har kusan magariba. A ƙarshe aka tsaya a kan abu uku. An cire haɗari daga jira, matuƙar likita ya shaida. Za a mayar wa Memuna kasonta kafin a taɓa takardar kowa. Ukasha kuwa an karɓe lambar sirrin daga hannunsa har abada, kuma an dakatar da albashinsa na wata uku. Sandunan dai zai ci gaba da hawa, tunda ba wani mai iyawa.

"Na gode," ya ce, kansa a ƙasa.

Hajiya Tsahara ta miƙo mini makullin.

"Gobe ki kai takardar Parakou. Sai mai katin ta dangwala da kanta."

Ukasha ya bi motar yamma, ni na bi ta safe. Ba mu yi magana ba.

Ɗakin mata na babban asibitin gadaje takwas ne. Hajiya Gaji tana na ƙarshe, kusa da taga, an ɗaure ƙafarta da wani nauyi. Ta rame, amma idanun suna nan yadda na san su. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa sama-sama, ta ce wa Ukasha ya ba mu wuri.

"Ke ce 'yar Baƙo."

"Ni ce, Hajiya."

"An ce an yi mini katin ciwo ban sani ba. Ga shi kuwa ciwon ya amsa."

Na ciro takardar daga jakata.

"Ɗana ya roƙe ki ki gyara takarda?"

"Ya roƙa."

"Kika ƙi."

"Na ƙi."

"Kin san in kika ƙi, Shafa'atu zai aura?"

"Na sani."

"Ba kya son sa ne?"

Na ɗago na kalle ta.

"Ina son sa, Hajiya. Ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Amma kuɗin ba nawa ba ne."

Ta juya fuska wajen taga. Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani. Na ɗauka ta gama da ni, har na fara naɗe takardar.

"Mahaifina," ta ce, "mutane suna ba shi goronsu ya kai har Kano, ba takarda, ba shaida. Abin da muka gada ke nan, ba soron ba. Yayana ya zo nan jiya da kuɗi a aljihu, yana cinikin ɗana a kan gadon ciwona. Ɗan da na haifa kuma ya sa hannu a kayan mutane." Ta numfasa. "A cikinku duka, 'yar mahauci ce ta yi abin gidanmu."

Ta miƙo babban yatsanta.

"Ina tawadar?"

Na riƙe mata hannu ta dangwala. Hannun da sanyi, ba nauyi.

"Ban ce ina son ki ba," ta ce.

"Na ji, Hajiya."

"Kawo mini ruwa."

Ranar Laraba aka yi aikin. Sauran kashi ukun, babur ɗinsa Ukasha ya sayar ya cika. Ina zaune a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a harabar asibitin ya zo ya tsaya, kamar mai neman izini.

"An fito da ita. Ta farka, har ta fara faɗa."

"Alhamdu lillahi."

Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Hamida... abin da na faɗa a waya."

"Ka ce na rabu da kai."

"Ƙarya na yi. Tun kafin ki kashe wayar na san ƙarya ce."

"Kwana biyu ka bar ni ana nuna ni da baki a kasuwa."

"Kunya ce ta riƙe ni. Ba ni da wata hujja."

"Ba canza ranar ne ya fi ƙona ni ba, Yaya. Ka san sunana za a fara kira, ka yi."

"Ban yi tunanin ki ba a lokacin. Shi ne abin da ya fi muni." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Ki yafe mini, Hamidata. Ba yau ba in ba za ki iya ba. Zan jira."

"Wata uku," na ce.

Ya ɗago da sauri. Da ya ga fuskata sai dariya ta kuɓuce masa, idanunsa cike da ruwa. Ni ma na yi. Amma da gaske nake, kuma ya jira. Da ƙafa ya riƙa zuwa biro, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ɗauki tsaninsa ya wuce. A waɗannan watannin aka kafa sanda ta huɗu, aka ɗauki 'yan mata biyu aikin sayar da tikitin intanet. Memuna ta sayi wani injin, ƙarami, na hannu.

Alhaji Sahabi bai zo neman auren ba, ya ce yana da tafiya. Shafa'atu ta koma wajen yayarta a Parakou. Dattawan unguwa uku ne suka zo wurin Baba da ƙwaryar goro. An ce Hajiya Gaji da kanta ta zaɓe shi ɗaya bayan ɗaya, ta mayar wa mai goron rabin huhu wai bai kai ba.

Baba ya yanka sa. Matan mituwal suka yi anko, har na Sérou da Onklou.

Da aka kai ni gidan bayan la'asar, aka fara shigar da ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, sandarta a jingine. Ta sa aka yaye mini mayafi, ta kalle ni sama da ƙasa. Ɗakin cike da mata.

"Ki saurara da kyau," ta ce. "Shekara arba'in ina gidan nan, ba a ce mini a'a."

"To, Hajiya."

"Inna."

"To, Inna."

"Ke na yarje miki." Ta ɗaga yatsa. "Kada dai ki yawaita."